OTAL ƊIN TAJ NA MUMBAI: Tarihin ma'aikatan da su ka ƙi gudu

Mai karatu, idan har ka na cikin ma'abota kallon finafinan Indiya, to da wuya a ce idon ka bai taɓa sauka a kan ginin nan ba. Wani ƙasaitaccen gini ne mai jar ƙubba a bakin teku, daura da babbar ƙofar nan da a ke kira Gateway of India a birnin Mumbai. Duk daraktan da ke so ya nuna maka cewa jarumin sa ya baro ƙauye ya iso birni, to can ya ke kai kyamara. Sunan ginin Taj Mahal Palace. Kada ka haɗa shi da Taj Mahal na garin Agra, wanda kabari ne. Wannan otal ne, kuma ya haura shekara 120 ya na karɓar baƙi.

Mai yiwuwa kuma ka kalli fim ɗin "Hotel Mumbai" na darakta Anthony Maras, wanda a ka fara nunawa a 2018, inda Dev Patel ya fito a matsayin mai kai wa baƙi abinci, Anupam Kher kuma ya fito a matsayin babban kuku Hemant Oberoi. Fim ɗin ya ginu ne a kan harin da 'yan bindiga su ka kai birnin a daren 26 ga Nuwamba, 2008. Mutane da yawa da su ka kalle shi sun fito da tambaya ɗaya: ma'aikatan otal ɗin sun san kowane lungu da kowace ƙofar baya, to me ya hana su gudu? Me zai sa mai wanke-wanke ya tsaya kare attajirin da bai ma san sunan sa ba?

Fim bai da lokacin amsa wannan. Amsar ta na cikin tarihin yadda kamfanin da ya mallaki otal ɗin ya riƙa ɗaukar ma'aikata, ya horar da su, ya biya su, tun kafin a aza tubalin farko. Tarihin ya na da daɗi, ya na kuma da ɗaci.

ATTAJIRI DA MASAƘAR SA

Wanda ya gina otal ɗin shi ne Jamsetji Tata. An haife shi a 1839 a garin Navsari na yankin Gujarat, cikin ƙabilar Farsi, waɗanda kakannin su su ka yi hijira daga Farisa zuwa Indiya ɗaruruwan shekaru da su ka wuce. Ba da harkar otal ya fara ba. Ɗan kasuwar auduga ne. A ranar 1 ga Janairu, 1877 ya buɗe wata masaƙa a Nagpur mai suna Empress Mills.

Ka san yadda masaƙun wancan zamani su ke, a Indiya ko a Ingila. Leburori su na shiga tun duku-duku, ba sa fita sai duhu ya yi, ga ƙurar auduga ta na cin huhu. In inji ya cinye hannun mutum, sai a sallame shi a ɗauki wani. Babbar matsalar masu masaƙa ita ce ma'aikata ba sa zama. Da damina ta faɗi sai su tattara su koma ƙauye. Wasu masu gidan sun magance abin da tara da riƙe albashi. Shi kuwa Jamsetji sai ya bi ta wata hanyar. Ya sa na'urorin da ke jiƙa iska don rage ƙura, da na feshin ruwa saboda gobara. A 1886 ya kafa asusun fansho na ma'aikata, a 1895 kuma ya fara biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. A lokacin babu dokar da ta tilasta masa.

Kada ka ɗauka waliyyi ne. Ɗan kasuwa ne da ya iya lissafi, ya gane cewa ma'aikacin da ya zauna shekara goma ya fi sababbi goma amfani. 'Ya'yan sa su ka ɗora a kan haka a kamfanin ƙarfe da su ka kafa a 1907, a garin da daga baya a ka raɗa wa suna Jamshedpur. A 1912 su ka mayar da aiki awa 8 a rana, alhali awa 12 a ke yi a masana'antu da dama har a Ingila. Magani kyauta ya biyo baya a 1915, hutu da albashi a 1920, sai alawus na haihuwa ga mata a 1928. Amma fa ba duk wannan ne ya zo a ruwan sanyi ba. Ma'aikatan Jamshedpur sun yi yajin aiki a 1920 da 1922 da 1928, kuma a na 1920 har an buɗe wuta an kashe wasu daga cikin su. Wato wani hakkin an ba su don hangen nesa, wani kuwa ƙwatar sa su ka yi. Riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kan sa.

YADDA A KA BUƊE TAJ

Akwai labarin da ya shahara cewa wai an hana Jamsetji shiga wani otal na Turawa a Bombai saboda shi ba Bature ba ne, shi ya sa ya yi rantsuwar gina wanda ya fi shi. Labari ne mai daɗin ji, ya ma dace da fim, sai dai masana tarihi da dama ba su yarda da shi ba. Abin da ya tabbata shi ne a 1896 annoba ta afka wa Bombai, mutane su ka yi ta mutuwa, wasu su ka tsere, kasuwanci ya durƙushe. Jamsetji ya so ya gina abin da zai dawo da martabar garin sa. A ka fara aiki a 1898, a ka buɗe otal ɗin a ranar 16 ga Disamba, 1903 da baƙi 17 kacal. Akwai wutar lantarki, da fankoki daga Amurka, da lif daga Jamus, da ɗakunan wanka irin na Turkiyya. Shi kan sa bai daɗe ya na kallon abin da ya gina ba, domin ya rasu a Jamus a watan Mayu na 1904.

To wa zai yi aikin? A nan ne a ka ɗauko tsarin Turai dungurungum. Shekaru kaɗan kafin nan, a 1890, wasu mutum biyu sun karɓi ragamar otal ɗin Savoy na Landan: César Ritz a matsayin manaja, da Auguste Escoffier a kicin. Escoffier ya taɓa yin aikin girki a rundunar sojan Faransa, don haka ya tsara kicin kamar bariki. Babban kuku ne kwamanda, ƙarƙashin sa mataimaki, sannan mai miya, mai nama, mai kifi, mai kayan zaƙi, har zuwa yaron da ke kankare tukunya. Kowa da gurbin sa, umarni daga sama ya ke saukowa. Wannan tsari ne manyan otal-otal na duniya su ka kwaikwaya, har yau kuma shi a ke bi.

In ka na son sanin yadda rayuwa ta ke a ƙasan wannan tsani, nemi littafin "Down and Out in Paris and London" na George Orwell, marubucin nan da a ka fassara wani littafin sa zuwa Hausa da sunan "Gandun Dabbobi". Abin sha'awa, a Indiya a ka haife shi, a shekarar da a ka buɗe Taj. A littafin, wanda ya fito a 1933, ya ba da labarin wanke-wanken da ya yi a wani babban otal na birnin Faris: ɗaki a ƙarƙashin ƙasa mai zafi kamar tanda, zagi daga safe har dare, da matakan girma masu tsauri tsakanin ma'aikata. Ƙofa ɗaya ce tsakanin ƙazantar kicin da ƙyale-ƙyalen ɗakin cin abinci. Haka harkar otal ta ke a duniya a lokacin: baƙo sarki, ma'aikaci kuwa ba a so ma a gan shi.

A Taj ma, a shekarun farko, manyan muƙamai na Turawa ne. Manajoji da manyan kuku daga Turai a ke ɗauko su, 'yan ƙasa kuwa su na ƙasa. Da yawan masu girki da makaɗa 'yan yankin Goa ne, saboda zaman su da Turawan Fotugal ya sa sun saba da abinci da kiɗan Turai. Cikin su akwai Miguel Arcanjo Mascarenhas, wanda ya shiga kicin ɗin Taj ya na yaron aike, ya yi ta hawa har ya zama Ba'indiye na farko da ya shugabanci kicin ɗin. Akwai kuma mai busa ƙaho Chic Chocolate, wanda ya yi kiɗa a Taj, ya kuma yi aiki da C. Ramchandra a waƙoƙin fim ɗin "Albela" na 1951. Labarin Mascarenhas ya koya wa ƙananan ma'aikata wani abu mai muhimmanci: a gidan nan, yaron kicin zai iya zama maigida.

DAGA OTAL ƊAYA ZUWA DA YAWA

Kusan shekara 70 otal ɗin Taj ya yi kafin kamfanin ya faɗaɗa sosai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ma an mayar da shi asibiti mai gado 600. Sai a farkon shekarun 1970, ƙarƙashin wani manaja mai suna Ajit Kerkar, a ka fara faɗaɗa. A 1971 su ka karɓi fadar nan ta tsakiyar tafki a Udaipur, wadda ka gani a fim ɗin James Bond mai suna "Octopussy" na 1983, inda Kabir Bedi ya fito. A 1972 su ka karɓi fadar Rambagh a Jaipur, a 1973 su ka buɗe dogon bene a gefen tsohon ginin Bombai, a 1974 kuma su ka buɗe wurin shaƙatawa a Goa.

Faɗaɗa ta zo da matsalar ta. Lokacin da otal ɗaya ne, manaja ya san kowa da suna, ya san wanda matar sa ta haihu. Da ma'aikata su ka zama dubbai a garuruwa daban-daban, sanayya ta daina wadatarwa. Bayan 1991, da Indiya ta buɗe kasuwar ta ga duniya, manyan kamfanonin otal na waje su ka shigo su na zawarcin ƙwararrun ma'aikata da albashi mai tsoka. A 1997 Kerkar ya bar kujerar sa bayan saɓani da Ratan Tata, wanda ya zama shugaban rukunin kamfanonin Tata tun 1991. Sababbin shugabanni su ka zauna su ka mayar da abin da a da al'ada ce kawai zuwa rubutaccen tsari.

Wasu masu bincike biyu na Makarantar Kasuwanci ta Harvard, Rohit Deshpandé da Anjali Raina, sun bi diddigin wannan tsari, su ka wallafa sakamakon a 2011. Ga abin da su ka gano.

Na farko, wajen ɗaukar ƙananan ma'aikata, Taj ba ta cika neman 'yan manyan birane ba. Ƙananan garuruwa ta ke zuwa, irin su Dehradun da Mysore da Haldia, ta shiga makarantun sakandare ta nemi shawarar shugabannin makarantar. Ba ta damu da iya Turanci sosai ba, don wannan a na koyar da shi. Abu uku ta ke dubawa: shin yaron ya na girmama manya? Shin mai fara'a ne ko da ya na cikin matsi? Shin iyalin sa su na buƙatar albashin? Haka ma wajen ɗaukar manajoji, ta fi son waɗanda su ka fito daga matsakaitan makarantu a kan 'yan manyan jami'o'i, a bisa hujjar cewa su ne su ka fi zama.

Na biyu, horo. Yawancin otal-otal wata 12 su ke horar da sabon ma'aikaci, Taj kuwa wata 18. A na ba yaro masauki da abinci da ɗan alawus, wanda akasari gida ya ke aikawa. Kamfanin ya ƙididdige cewa baƙon da ya kwana ɗaya ya na haɗuwa da ma'aikata sau 40 ko fiye, daga mai buɗe ƙofa zuwa mai gyaran gado, kuma a yawancin waɗannan haɗuwa babu wani oga a kusa. Don haka a ke koya wa ma'aikaci ya yanke shawara da kan sa. A na gaya masa cewa shi wakilin baƙo ne a wajen kamfani, kuma duk abin da ya yi don amfanin baƙo, kamfani zai tsaya masa. Ka ga an yi wa tsarin barikin Escoffier gyara ke nan: tsani ya na nan, amma na ƙasa ya samu izinin tunani.

Na uku, yabo. A 2001 su ka ƙirƙiro wani shiri mai suna STARS. Ma'aikaci ya na tara maki idan baƙo ya yabe shi, ko abokin aiki ya yabe shi, ko ya kawo shawarar gyara. Kwamitin da janar manaja ke ciki dole ya duba kowace shawara cikin awa 48, in bai duba ba, ma'aikacin ya ci makin. Wato an ɗaure ogan ne, ba yaron ba. Shirin ya ci lambar yabo ta Hermes a 2002. Hikimar ita ce yabon da ya zo da ɗumi-ɗumin sa daga bakin ogan ka ya fi kyautar ƙarshen shekara shiga rai. Bahaushe ma ya ce yaba kyauta tukwici.

DAREN 26 GA NUWAMBA

Yanzu mu koma ga daren. 'Yan bindiga 10 na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba su ka shigo Mumbai ta teku daga Pakistan, su ka rarrabu zuwa tashar jirgin ƙasa, da wani gidan shan shayi, da asibiti, da cibiyar Yahudawa, da otal biyu. Huɗu daga cikin su ne su ka shiga Taj. An shafe kusan awa 60 a na artabu, har zuwa safiyar 29 ga wata. Mutum 166 su ka kashe a faɗin birnin.

A wani ɗakin taro na Taj, kamfanin Unilever na liyafar bankwana da shugaban sa Patrick Cescau da maraba da magajin sa Paul Polman. Mai kula da liyafar wata budurwa ce 'yar shekara 24. Da ta fahimci ƙarar da a ke ji ba ta wasan wuta ba ce, sai ta sa a ka kulle ƙofofi, a ka kashe fitilu, ta ce kowa ya kwanta ƙarƙashin tebur ya daina amfani da waya. Ta kuma nemi miji da mata su rabu, kowa ya koma ɓangare daban, don kada harsashi ɗaya ya mayar da 'ya'ya marayu gaba ɗaya. Babu littafin horon da ya rubuta wannan. Ma'aikatan ta su ka kwana su na zagayawa da ruwa. Da asuba wuta ta kama, 'yan kwana-kwana su ka fitar da su ta taga, baƙi a gaba, ma'aikata a baya. Ko mutum ɗaya bai mutu a ɗakin ba.

A ɗakin cin abincin Japan mai suna Wasabi, wani dattijon ma'aikaci ɗan shekara 48 ya sa baƙi su ka duƙa ƙarƙashin tebura, ma'aikata su ka kewaye su. Bayan wasu awoyi ya samu hanyar fitar da su ta wata matattakala, ya ce shi ne zai sauka a ƙarshe. Kowa ya tsira, shi kuwa a ƙasan matattakalar a ka harbe shi.

Masu haɗa waya, waɗanda an riga an fitar da su, sun koma bakin aikin su, su na kiran ɗaki-ɗaki su na gaya wa baƙi su kulle ƙofa su yi shiru. Masu girki a ƙarƙashin Hemant Oberoi sun yi layi su na kare baƙin da a ke ƙoƙarin fitarwa ta hanyar kicin a tsakar dare, 'yan bindigar su ka riske su, su ka kashe da dama daga cikin su. Shi kuwa janar manaja Karambir Singh Kang, matar sa da 'ya'yan sa biyu su na hawa na shida, inda wuta ta cinye. Ya samu labarin, bai bar wurin ba, ya ci gaba da jagorantar ceto har a ka gama.

Mutum 31 su ka mutu a Taj. A ƙididdigar masu binciken Harvard, 11 daga ciki ma'aikata ne, kuma baƙin da a ka fitar da rai sun kai tsakanin 1,200 da 1,500. Wani abin lura ga mai kallo: Arjun, wanda Dev Patel ya fito a matsayin sa, ba mutum ɗaya ba ne a zahiri, an harhaɗa shi ne daga labaran ma'aikata daban-daban. Oberoi kuwa mutum ne na gaske.

BAYAN ƘURA TA LAFA

A nan ne a ke gane maigida. Otal ya rufe, kuɗi ba sa shigowa, amma ba a sallami kowa ba, albashi bai tsaya ba. Ratan Tata da kan sa ya riƙa zuwa gidajen waɗanda su ka rasu. Kamfani ya biya iyalai diyya, ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yan su da maganin su. Cikin Disamba 2008 a ka kafa wata gidauniya, Taj Public Service Welfare Trust, wadda taimakon ta ya kai har ga waɗanda ba ma'aikatan Tata ba, kamar waɗanda harin ya shafa a tashar jirgin ƙasa. An sake buɗe dogon benen a ranar 21 ga Disamba, ƙasa da wata ɗaya bayan harin. Tsohon ginin kuwa sai a watan Agusta na 2010, kuma a Nuwamba na shekarar Shugaba Barack Obama na Amurka ya sauka a ciki.

To amma mai karatu, kada daɗin labari ya hana mu tambaya. Ka tuna sharaɗi na uku na ɗaukar aiki, wato iyalin yaro su kasance mabuƙata? Juya shi ka gani. Kamfani ya na neman wanda ba shi da wata madafa, wanda a ka rena a kan kada ya musa wa babba, ya koya masa cewa baƙo ya na gaba da komai. Rannan sai ga shi ya tare harsashi saboda mutumin da kuɗin ɗakin sa na kwana ɗaya ya fi albashin sa na wata. Wannan jarunta ce, babu shakka. Sai dai wasu masu sharhi sun soki fim ɗin "Hotel Mumbai" a kan daidai wannan gaɓa, su ka ce ya ɗauki sadaukarwar talaka ga mai kuɗi kamar abin da ya kamata. Mu ma mu na cewa baƙon ka annabin ka, amma mai masauki a gidan sa ya ke faɗar haka, da zaɓin kan sa. Ma'aikacin otal kuwa albashi ya kawo shi.

Abin da ya sa labarin Taj bai zama na cin zali zalla ba shi ne amanar ta tafi ta dawo. Ma'aikaci ya ba da ran sa, kamfani kuma, tun daga asusun fansho na 1886, ya saba nuna cewa ba ya yar da nasa in rana ta ɓaci. In ka cire rabi na biyun, abin da ya rage bauta ce da murmushi. Kuma ka tuna da Jamshedpur: ko a gidan Tata, wani kason na wannan amana sai da ma'aikata su ka yi yaƙi kafin su ka same shi.

INA A KA DOSA?

Tun daga 2008 harkar otal ta canza sosai, kuma yawancin canjin ya na warware irin wannan igiya ne. A ƙasashe da dama, masu shara da wanki da gadi ba ma'aikatan otal ɗin ba ne, na ɗan kwangila ne. Su na sanye da rigar otal, amma sunan su ba ya cikin littafin albashin sa, ba fansho, ba garatuti. Manyan kamfanoni da yawa ma sun daina mallakar gine-gine. Suna da tsarin gudanarwa su ke bayarwa haya, mai gini daban. Ma'aikaci kan rasa wane ne ainihin maigidan sa. Matasan da a ka horar kuma ba sa zama. Jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da kamfanonin jiragen sama da otal-otal na ƙasashen Larabawa su na kwashe su.

Wasu sun gwada kawar da mutum ɗungurungum. A 2015 a ka buɗe otal ɗin Henn na a yankin Nagasaki na Japan, inda mutum-mutumi ke karɓar baƙi da ɗaukar kaya. Zuwa farkon 2019 an sallami fiye da rabin mutum-mutumi 243 da ke wurin, domin sun ƙara wa 'yan Adam aiki ne. Wanda a ka ajiye a ɗakin kwana har tashin baƙo ya ke yi cikin dare, in ya ji minshari ya ɗauka magana a ke yi masa!

Sai annobar korona ta 2020, wadda ta auna kowa. A Amurka kaɗai, a watan Afrilu na shekarar, guraben aiki miliyan 7.7 su ka salwanta a ɓangaren otal da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa. Taj ta Mumbai ta buɗe ɗakunan ta ga likitoci da nas-nas, kicin ɗin ta kuma ya riƙa dafa wa asibitoci abinci, duk da cewa kamfanin ya tafka asara a shekarar. Da a ka buɗe gari, masu otal a ƙasashe da yawa su ka nemi ma'aikatan da su ka sallama, su ka tarar sun kama wasu sana'o'in. Dole a ka fara ƙara albashi, a ka fara maganar rage tsawon awoyin aiki, da hutun mako tabbatacce, da jawo mata cikin aikin. A 2021 ita Taj ta buɗe wani masauki a Chennai wanda mata ne ke tafiyar da shi. Wato bayan shekara fiye da 130, masu otal sun sake gano lissafin da mai masaƙar Nagpur ya yi.

Ratan Tata ya rasu a ranar 9 ga Oktoba, 2024. A cikin otal ɗin akwai wurin tunawa da a ka rubuta sunayen waɗanda su ka mutu a daren, baƙi da ma'aikata. In ka sake ɗauko "Hotel Mumbai" za ka kalla, ɗauke idon ka daga kan manyan jarumai na ɗan lokaci, ka dubi masu fararen riguna da ke bayan su. Sannan in ka sauka a wani otal, ko a ina ne, ka ga yaro ya kawo maka ruwa ƙarfe biyun dare ya na murmushi, ka tambayi kan ka: yaushe rabon sa da barci, wa ke biyan sa, kuma in yau wani abu ya same shi a bakin aikin nan, wa zai je gidan su gaisuwa?